Kwalayen Ilu

Ranar wata Asabar da hantsi Ladidi ta ba yayanta Ilu aiki a shagonta na ɗaukar bidiyon biki a Gusau. Ilu ya haura arba'in. A ƙauye ya bar matarsa Tabawa da akuya ɗaya da gonar da ya taɓa shuka wa dafaffiyar gyaɗa. Inna, mahaifiyarsu, ita ta roƙi Ladidi ta riƙe shi, domin a ƙauye yara sun fara binsa da waƙa, ita kuma abin yana hana ta cin abinci. Ladidi ta amsa. Aikin ba shi da wuya: shara, ɗaukar jakar kyamara, da kai wa amare bidiyonsu a ɗan kwali mai ƙyalli. Da yake kwali da leda sun yi tsada, ta ce masa duk abin da aka naɗo wani abu a ciki kada ya yar, za a sake amfani da shi.

Wata rana Ladidi ta buɗe durowar da take ajiye filas ɗin da ake zuba bidiyo a ciki, sai ƙudaje suka tashi. A ciki akwai ɓawon ayaba, da ganyen alale, da ɓawon ƙwai an jera su a tsanake. Ta tambaye shi mene ne wannan.

"A ciki aka naɗo su," in ji Ilu.

"Wa ya naɗo ayaba, Yaya?"

"Allah."

Ta ce daga yau kwali da leda da takarda kawai take nufi.

Wata rana ta aike shi Tudun Wada ya kai wa wata amarya bidiyonta. Ya yi sallama a zaure, aka karɓi kwalin aka shiga da shi, shi kuma ya samu tabarma ya zauna. Aka kawo masa ruwa ya sha, aka kawo tuwo ya ci, bai tashi ba. Da la'asar ango ya fito ya tambaye shi ko akwai saura. Ilu ya ce babu, kwalin yake jira. Aka shiga aka ciro filas ɗin aka miƙo masa kwalin. Ya duba ciki da waje, ya ce akwai jan zare da aka ɗaure shi da shi.

Wata rana suka tafi ɗaukar kamun 'yar Hajiya Turai. Ladidi tana can cikin mata da kyamara, Ilu yana bakin ƙofa kusa da teburin da ake tara gudummawa. Kowace mace ta naɗe tata a takarda mai sheƙi ta rubuta sunanta a kai, domin ranar nata bikin a san abin da za a mayar mata. Ilu ya ga takardu masu kyau, ya san yaga su za a yi. Ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ya ninke, ya zuba a jaka. Da aka tashi, ga kuloli da zannuwa da kofuna tsirara a tebur, ba wanda ya san wa ya kawo me. Hajiya Turai ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Ladidi tunda kyamararta ta ga shigowar kowa da abin da ke hannunsa, tana son bidiyon ranar Asabar, in ba haka ba a danginsu kaf babu wanda zai sake kiranta.

A ranar Ladidi ta kira Inna ta ce saura kuskure ɗaya Ilu ya koma ƙauye. Inna ta ce to. Shi kuma Ladidi ta zaunar da shi ta ce kada ya sake taɓa kayan mutane. Nasu na shago kaɗai ne ruwansa, kuma duk abin da ya fito daga kwalinsa, in an gama aiki da shi, a mayar da shi. Kyamara take nufi.

Ranar Alhamis ta bar aikin Hajiya Turai a kwamfuta ta tafi wani wuni. Can allon ya yi duhu. Ilu ya leƙa, ya ga an gama aiki. Ya zare wayoyi, ya nemo kwalin da kwamfutar ta zo a ciki, ya sa ta a ledarta da sosonta. Haka ya yi wa na'urar ajiyar da bidiyon kamun yake ciki. Ya bi kowane kwali da salatif har sai da ya ƙare, ya ɗora su can saman kantar shagon. Ladidi ta dawo da magariba da niyyar ƙarasa aikin, ta tarar da tebur babu komai sai firinta. Ya nuna mata sama.

"Firintar fa?" ta ce.

"Ba ta da kwali. Kin yar kafin in zo."

Ta ce ya haɗa kayansa, gobe da safe za ta sa shi a mota. Ta kulle shago ta tafi gida.

Da asuba aka yi ruwa da iska, kwano biyu suka tashi daga rufin shagon. Da safe suka tarar da ruwa har idon sawu, tebur yana ɗiga, kujerun sun jiƙe. Ilu ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa yana jiran a kai shi tasha. Ladidi ta hau benci ta sauko da kwalayen. Bayansu ya yi laushi. Ta sa reza ta yanka salatif ɗin, Ilu yana cewa ta bi a hankali kada ta ɓata kwalin. Cikin ledar a bushe yake.

Ranar Asabar Hajiya Turai ta karɓi bidiyonta, Ladidi ce ta kai da kanta. Firintar ba ta sake tashi ba. Ilu ya mayar da jakarsa ɗaki, ya shanya kwalayen a rana.