Rabin Bidiyo da Hannuwana Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da zobena ya ƙi juyawa. Ina zaune a tsakar gidan kakanmu a Salaga, ranar ɗaurin auren Fusena 'yar kawuna, da kofin koko a hannu. Na kai babban yatsa zan juya zoben kamar yadda na saba, sai ya ƙi motsi. Na duba. Yatsan ya kumbura ta sama da ƙasan zoben kamar buhun gari da aka ɗaure a tsakiya. Furannin baƙin lallen da na zana wa kaina jiya da la'asar kuwa duk sun taso sun yi tudu, ko makaho zai shafa ya gaya maka irin zanen. Ga ƙaiƙayi, ga zafi kamar na tsoma hannu a barkono.

Har yanzu da nake rubuta wannan, in na tuna sai tsoro ya kama ni. Amma haushi ya fi tsoron yawa, kuma bari ku ji dalili.

Tun da na gama sakandare nake aiki a wani shagon buga takardu a Yendi. Wanda ya san intanet ɗinmu ya san hali: shafi ɗaya sai ka yi alwala ka yi salla ka dawo bai gama buɗewa ba, data kuma ana saye da cokali tana ƙarewa da ludayi. Don haka na koyi dabara. Duk abin da na buɗe sau ɗaya, sai in ajiye shi cikin wayata, kada in sake biyan kuɗinsa. Girki, ɗinki, wa'azin da Baba ke so, tambayoyin jarrabawa na yaran unguwa, komai da ma'ajinsa. Mai buƙata ya zo ya manna wayarsa da tawa, in tura masa ba tare da data ba. Har aka daina kiran sunana a layinmu, sai dai Rumbu. "Je wajen Rumbu, tana da shi." (Kaina ya riga hannuna kumbura da daɗewa, wannan gaskiya ce.)

To, Fusena ta ce ita lalle take so baƙi wuluk, wanda zai fito a hoto. Na bugi ƙirji na ce ta bar min. Ana gobe za mu taho na sami bidiyon wata mata mai sanyin murya, ta fara da cewa, "Yau zan nuna muku yadda 'yan mata ke haɗa baƙin lalle mai kamawa nan take." Na sa shi yana sauka, yana jan ciki kamar hawainiya. Ya kai kamar rabi, data ta ce ga garinku nan.

Na kalli abin da ya samu. Ta nuna garin rinin gashi, ta nuna ɗan kananzir, ta dama, ta zana, abu ya kama baƙi ƙirin. Me ya saura? Na san mutanen nan. Rabin ƙarshe kullum roƙo ne: ku danna nan, ku bi ni can, ku tura wa 'yan uwa. Na ce ai na ma ci riba, na ɗauki naman na bar musu ƙashi.

Da muka iso Salaga na ce zan fara gwadawa a hannuna kafin na amarya. (Kada ku ɗauka tausayin Fusena ne. So nake in riga kowa.) 'Yan mata suka kewaye ni suna "Kai, Rumbu, ba ki da dama!" Kowacce ta miƙo waya, ni kuma ina rabawa kamar zakka. Ina jin abin yana ɗan cizona, na ce mai son zuma ba ya tsoron harbi.

Ga ni nan kuwa da safe, zuma ta tafi, harbi ya zauna.

Na ajiye kofin na nufi ɗaki wajen mahaifiyata, na ce, "Mma, dubi hannuna." Mma ta duba ta dafe ƙirji ta hau salati. Kafin ka ce kwabo ɗakin ya cika da mata, kowacce da maganinta. Wannan ta ce man kaɗe, waccan ta ce toka, wata ta ce ai baki ne, jiya an yaba hannun da yawa. Sai ga Anti Memuna, ƙanwar Mma da ke aure a Bawku, ta kutso da ɗankwali a karkace. Ta kama hannuna ta juya shi kamar mai tayin doya, ta ce da irin Hausarta ta can:

"Hmm. A wurinmu akwai wani yarinya, haka nashi ya fara. Daidai haka."

Na ce, "Anti, ta warke?"

"Ya warke mana. Amma yanzu da ƙafa yake cin tuwo."

Mma ta ce, "Memuna, in ba ki da alheri rufe mana baki!"

Ina! Magana ta riga ta shiga. Ni da hannu nake cin abinci ta kowace fuska: in babu yatsu, wa zai ajiye ni a gaban na'ura? Na fara jin leɓena ma yana kauri, don na goge fuska da hannun. Na ce shi ke nan, daga hannu ya hau kai. Na fashe da kuka ina neman gafarar mutane ɗaya bayan ɗaya, har da wata baƙuwa da ban taɓa gani ba, ita kuma ta ce ta yafe.

Aka tsayar da keke mai ƙafa uku don a kai ni asibiti. Hannuwan sun fi zafi in na sauke su, saboda haka na ɗaga su sama, haka muka ratsa ta gaban maza da suka fara taruwa a kan tabarmi, ni a tsakiyar Mma da Anti kamar ɓarauniyar da aka kama a kasuwa.

A asibiti nas ɗin da muka samu wata doguwa ce marar son dogon zance. Ta sa almakashi na ƙarfe ta datse zoben, ta saurari numfashina, ta ce, "Me kika shafa?"

Na ce wani haɗi ne na zamani, na ce Mma ta ciro wayata. Ko a wannan hali sai da na ɗan gyara murya, don in nuna ba da ka na yi ba, na yi bincike. Bidiyo ya fara, ya zo inda ya saba tsayawa, ya tsaya.

Nas ta ce, "Ina sauran?"

"Ai nan ne mai amfanin, Madam. Sauran surutu ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ciro wayarta ta buɗe min datarta. Abin ya ɗan yi juyi, sai matar nan mai sanyin murya ta ci gaba daga inda ta tsaya, da ƙara kuwa har ƙarshe, a ɗakin da ya cika da masu jiran layi:

"To, 'yan uwana mata, duk wannan da na nuna muku, kada wadda ta kuskura ta yi shi. Na nuna ne don ku gane shi ku guje shi. Babu mai shafa wannan sai wadda ta gaji da hannunta."

Sai ta shiga jero hotunan hannuwa, kowanne ɗan uwan nawa.

Wani tsoho mai tari ya daina tarin don ya ji da kyau. Sannan Anti Memuna ta tafa hannu ta ce, "Yoo! Rumbu, ashe rabin buhu kake raba wa mutane!"

Dariya ta ɓarke har da masu zazzaɓi. Da ƙasa za ta tsage, da na shige da hannuwana a sama. Mma ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta fisge waya ta kira gida. Ashe 'yan matan nan sun riga sun dama kwano guda daga bidiyon da na raba musu, sun zaunar da amarya, jira kawai suke ta gama cin waina. Ina jiyo muryar Mma a baranda: "Ku zubar! Ku zubar da kwanon ma!"

Yanzu don Allah ku yi min alƙalanci. Na yarda na yi wauta. Amma wane irin mutum ne zai haƙa rijiya a kan hanya, sannan ya kafa allon gargaɗi a ƙasan rijiyar? Ita wannan baiwar Allah, tana zaune inda intanet ke zuba kamar famfo, ta ɗauka kowa yana kai wa ƙarshen bidiyo. Ba ta san akwai mu ba, masu kallon duniya gutsure-gutsure. Kalma ɗaya, "kada", da ta sa ta a farko, me zai ragu a jikinta? Su kuma masu sayar da data, da suka ga dama suka yanke ni daidai kan gaɓa, Allah ya isa tsakanina da su.

Aka yi min allura, aka wanke hannun, aka shafa magani, aka ce in kwanta a ga abin da hali zai yi. Na kwanta ina kallon silin, ina motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya don in tabbata suna nan. Duk takun da na ji a baranda sai in ce ga mai zarto nan ya iso. Anti Memuna tana gefe tana cin gyaɗa, tana ba wata mata labarina tun daga farko, da ƙari.

Ana kiran azahar nas ta dawo. Ta duba leɓena, ta latsa yatsun, ta ce in dunƙule hannu. Ya dunƙulu, ko da yake ba duka ba.

Ta ce, "Kumburin ya fara sauka. Fata ce ta ƙone, bai shiga ciki ba. Za ki yi tabo na ɗan lokaci, kuma ke da rinin gashi har abada."

Na ce, "Madam, ba za a yanke ba?"

"Ba mai yanke miki komai."

"Ko yatsa ɗaya?"

"Ko farce."

Na buɗe baki zan yi godiya, ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, ban gama ba," ta shiga bayanin yadda zan sha maganin. Wallahi ban ko ƙifta ido ba. Na saurare ta har ta kai aya, ta juya, ta kama ƙofa, sannan na ce, "Madam, shi ke nan duka? Babu sauran rabi?"