Mma, Kada Ki Taɓa, Akwai Wuta

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a makarantarmu ta unguwar Maamobi a Accra ba, ko da kuwa na so in manta, domin abin da na yi a ranar ba a gaban mutum goma na yi shi ba.

A lokacin ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Ɗakin gwaje-gwaje ba mu da shi. Abin da muke da shi allo ne da alli, sai ni. Idan darasi ya zo kan iskar da ke sa wuta ta ci, sai in zana kwalba a allo in ce wa yara su ɗauka a ransu akwai kyandir a ciki. Ana cikin haka aka shigar da mu wani shiri na haɗin gwiwa. Wata jami'a ce da gidan rediyo da talabijin na gwamnati suka haɗa kai da makarantu, daga nan Accra har Kumasi da Tamale da Wa. Jami'a ta ba da malamai da kayan gwaji, gidan talabijin ya ba da situdiyo da hanyar aika hoto, mu kuma muka ba da ɗalibai. Malami ɗaya zai yi darasi, duk makarantun su gani a lokaci guda. Yaro a Tamale zai ɗaga hannu ya yi tambaya, yarinya a Maamobi ta ji amsar. Da yamma kuma rediyo ya maimaita don makarantun da ba su da kayan kallo. Gaskiya duk wanda ya zauna ya yi wannan tunani, Allah ya saka masa da alheri.

Aka kawo mana kaya: farantin tauraron ɗan'adam a saman rufi, wani baƙin akwati, babbar talabijin, kyamara, makirufo da lasifika biyu. Masu haɗawa suka haɗa, suka gwada, suka tafi. Hedimastanmu, Alhaji Salifu, ya miƙo mani makullin ɗakin saboda ni ne mai gyara wa malamai salula (gyaran nawa bai wuce in kashe in sake kunnawa ba, amma ba wanda ya taɓa tambaya). Ya kuma gaya mani sharaɗin: ranar Talata za a yi darasin gwaji, makarantar da ta kasa shiga za a ɗage ta sai baɗi. Kafin baɗi kuwa 'yan ajin ƙarshe sun rubuta jarrabawa sun wuce.

Ranar na yi sammako, na sha kaftanina na Sallah. Da na shiga ɗakin sai na ga wayoyi a bayan akwatin sun cuɗanya kamar taliya, ga shi an gayyaci iyaye. Na ce ai wannan abin kunya ne. Na zazzare su duka, na nannaɗe su tsaf, na mayar da kowacce inda nake jin daga nan na ciro ta.

Alhaji Salifu ya leƙo ya ce, "An kira daga gidan talabijin, injiniya zai zo ya ga yadda muke yi. Bari in tsaya a ƙofa in tare shi." Ya tafi ya tsaya yana jiran mota mai tambari.

Ƙarfe goma daidai hoto ya fito tas. Ga malamin jami'a cikin farar riga, ga sauran makarantun a ƙananan akwatuna a gefen talabijin. Yara suka tafa. Malamin ya buɗe baki ya fara magana, amma ko tari ba mu ji ba. Na ƙara murya har ƙarshe. Shiru. Na kashe na kunna, wanda shi ne iyakar ilimina. Shiru.

Sai wata dattijuwa ta taso daga layin iyaye, da hijabi ruwan ƙasa da silifas da jakar leda a hannu. Na ɗauka kakar wani ɗalibi ce.

"Malam, ko in duba bayan akwatin nan?" in ji ta.

"Mma, zauna abinki, yanzu za a gyara."

Ba ta zauna ba. Ta ɗan sunkuya ta ce, "Wayan lasifika nake gani kamar ba a raminshi yake ba."

Na yi 'yar dariya irin ta masana. "Mma, kada ki taɓa, akwai wuta. Wannan ba rediyon ɗaki ba ne da za a buga masa hannu ya tashi."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma na ga iyaye sun zuba mani ido, sai na ji dole in faɗi wani abu. Na juya na gyara murya, na yi musu bayani da Hausa, na kuma maimaita da Turanci don kowa ya amfana. Na ce hoto haske ne, haske kuwa ya fi sauti gudu. Tare suka taso daga situdiyo suka hau tauraron ɗan'adam, hoton ya riga isowa, sautin kuma yana kan hanya, a ɗan yi haƙuri. (Ni ne fa malamin kimiyya. Da takardar shaida.)

Iyaye suka gyaɗa kai. Wani tsoho ya ce, "Allah ya kawo shi lafiya." Aka ce amin.

Na lura a talabijin mutanen sauran makarantun suna ta ɗaga hannu. Wani malami a Tamale ya kifa kansa a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Malamin jami'a ya cire tabarau yana share ido. Na ɗauka gaisuwa ce, sai na ɗaga musu hannu ni ma.

Alhaji Salifu ya shigo da sauri, salula a kunne. "Malam, daga situdiyo ne. Sun ce makirufonmu na aiki, tun ɗazu kowa na jinka. Sun ce don Allah ka matsa ka ba injiniya wuri."

"Ai bai iso ba, Alhaji."

"Sun ce ga shi nan a bayanka. Mai hijabi."

(Mu a Zongo ba mu cika wahalar da kanmu da "ta" da "ya" ba, mace ma sai mu ce ya zo. Na so in laɓe a bayan wannan, amma gaskiya ko da an ce mani mace ce, mai takalmi ƙwas-ƙwas zan jira, ba mai silifas ba.)

Sunanta Hajiya Memuna. Haifaffiyar unguwar Nima ce a nan Accra, ta yi shekaru tana aikin injiniya a gidan talabijin har ta yi ritaya, aka sake kiranta don ta tsara wannan shirin. Daga baya na ji ita ce ta dage sai an sa makarantun Zongo a zagayen farko. Trotro, wato motar haya, ta hawo daga tashar Circle, ta wuce Alhaji a ƙofa suka gaisa, ta shigo cikin iyaye.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ko murmushin mugunta ba ta yi ba. Ta ajiye jakarta ta ce, "Zo, ɗana, durƙusa nan. Ka ga ramin nan kore? Cire wayan daga ja ka sa a kore."

Na durƙusa da kaftanina na yi yadda ta ce. Sauti ya ɓarke, kuma abin da ya fara shigowa ɗakin shi ne dariyar garuruwa huɗu. Malamin jami'a ya ce barka da safiya Maamobi, mun ji daɗi da sautin ya iso lafiya.

Hajiya ta karɓi makirufo. Ta ce malamin Maamobi da hannunsa ya gyara matsalar, haka ake so kowace makaranta ta iya. Ta ce maganar haske da sauti kuma tambaya ce mai kyau, Dakta, wato malamin jami'a, ya fara da ita. Ya kuwa fara da ita, ya bayyana yadda ake ɗaure hoto da murya a saƙo guda su taho tare. Na zauna a benci cikin ɗalibaina na saurara. Bayan nan ya kunna kyandir ya kife shi da kwalba, wutar ta yi ta raguwa har ta mutu. Ban taɓa jin ajina ya yi tsit haka ba. Wata yarinya, Rukaya, wadda ba ta taɓa magana a darasina ba, ta miƙe ta tambaya me zai faru idan kwalbar ta fi girma. Wani ɗalibi daga garin Wa ne ya ba ta amsa.

Da aka tashi na bi Hajiya har bakin titi ina ba ta haƙuri.

"Wa ya taɓa wayoyin?" ta tambaya.

"Ni ne, Hajiya."

"Na sani. Ka naɗe su da kyau kuwa. Ran Asabar ina koya wa malaman Nima da Kotobabi yadda ake haɗa kayan, ka zo da biro."

Na je, kuma har yau ina zuwa, a layin gaba nake zama. Abin da na koya bai da yawa: "ban sani ba" gajeriyar magana ce, ko ana jinka har Tamale ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ba. Bayanin da na yi don in guje mata kuwa ya kai minti biyar, da harshe biyu.