Yadda Za Ka Fitar da Ƙaton Ɗanka Daga Gida da Dabarar Zalɓe

Kai da ɗanka mai gemu ya mamaye maka ɗakin baƙi, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci kafin damina ta ɗauke ɗakin zai dawo hannunka. Maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, shi ya fara gwada su a kan Autansa, wanda ya haura talatin yana kwance wai jiran kiran aiki yake.

1. Nemi fadama
Sammaka ka zauna inda zalɓe ke sheƙa. Kada ka kori sauro, shi ma malami ne. Direba ya shafe makonni yana kallon 'ya'yan: daga baki sai wuya, aikinsu kuka, iyaye na ta ɗura musu kifi. Ya ce wallahi kamar a gidansa aka ɗauko su.

2. Lura da ranar da aka janye kifi
Da fuka-fukai suka cika, sai uwar ta koma sauka can nesa da sheƙa. Mai jin yunwa ya taso. Direba na kallo, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya yi tsalle, ya faɗa taɓo, ya miƙe, ya cafke kwaɗo da kansa. Sai da tsohon ya share ƙwalla.

3. Aiwatar a gida
Direba ya samo nasa kwaɗon, na ƙarfe, ya maƙala wa firji. Ya ɓoye rimot, ya hana kai kwano ɗakin Auta. Matarsa ta ce to. Kula da kyau: idan uwar yara ta ce to da sauri haka, zagaya ka duba tagar baya. Direba bai zagaya ba. Auta har kumatu ya yi.

4. Kai shi ya gani da idonsa
Ya ja Auta zuwa fadama, ya nuna masa samarin zalɓe suna shawagi, kowa na nema wa cikinsa. Auta ya daɗe yana kallo, can ya nuna wani ƙaton ɗan zalɓe da ya kusa fin uwarsa girma, yana bin ta da kuka har ta amayo masa kifi.
"Baba, wancan fa?"
Direba ya ce wancan ba shi da lafiya.

5. Jure wa nasara
Ashe fadamar ta shiga ran Auta. Ya riƙa komawa shi kaɗai, har masu ɗaukar hoton tsuntsaye suka ɗauke shi aikin jagora, suka tafi da shi wani tafki mai nisa. Ɗaki ya dawo. Direba ya shiga, ya zauna, ya rasa abin da zai yi da shi. Matarsa ta daina amsa gaisuwarsa. Yanzu kullum yana bakin ruwa, gaban sheƙar da ba kowa, yana buga waya:
"Auta, suna dai ba ka abinci a can?"

Gargaɗi: babu ruwan marubuci da zazzaɓin sauro, gabar uwar yara, ko shirun da zai cika maka gida. Duk wanda ɗansa ya tashi bai dawo ba, ya kai ƙararsa wurin zalɓe.