Wanda Aka Bari a Gaɓa

"Lafiya lau, sai jiran amaryar da na aika sayen ganyen shayi tun hantsi," in ji Kaka Dahab daga dakalin ƙofar gidansu a Kom Ombo, ƙasar Masar.

Jikarsa Nabra ta dire masa ƙullin. Gobe ne taron tunawa da tsohon ƙauyensu, wanda ruwan dam ya cinye tun ba a haifi babanta ba, kuma ita za ta karanta gajeren labari a gaban dangi. Ta ƙudura ba za ta karanta ba sai tsohon ya yarda, don labarinsa ne.

"Ni ba amaryar mai haƙori biyu ba ce. Ka saurari abin da na tura maka a waya?"

"Na saurara. Ni da na ciccibi ƙyauren gidanmu a baya har cikin jirgin ruwa, ni da na shiga ƙarshe, ki rasa wanda zai ba da labarina sai kare?"

"Naka bakin ai mun ji shi. Kowace Sallah ƙyauren nan ƙara nauyi yake. Bara har da katanga ka ɗauko."

"Ki ba raƙumi mana. Ko jaki, yana da mutunci."

"Jakin an sa shi a jirgi, Kaka. Karnuka ne aka ce ba su da wuri."

"To me kare ya sani? Ya san dam? Ya san gwamnati?"

"Shi ya sa na zaɓe shi. Kai ka san dalili, kana da na faɗa. Shi abin da ya gani kawai: mai gidansa ya shiga jirgi, ƙyaure ya rufe masa baya, bai waiwayo ba."

"Kin mai da ni ƙeya. Duk labarin babu fuskata, fuskar da 'yan matan ƙauye suke fasa tulu a kanta."

"Don tsoro suke fasawa. Kuma daga gaɓa ƙeya ake gani, ni ban rage maka komai ba."

Tsohon ya kwance ƙullin, ya shinshina, ya ture.

"Wannan ganyen ma ƙura ne. Na sake ki, saki uku."

"Na gode Allah. In karanta, ko in ce musu jarumi ya hana?"

Ya zuba wa titi ido, inda babu kogi, babu dabino, sai gidajen siminti iri ɗaya. Nabra ta san a gidan nan ba a taɓa jin ya ambaci karen nasa da aka bari a gaɓa ba. A bakin marigayiya kakarta ta tsinci zancen.

"Ƙarya ta yi yawa a ciki," ya ce can. "Kin ce baƙi ne. Ja ne, kunnensa ɗaya a karye. Kuma bai tsaya a gaɓa yana haushi ba. Ruwa ya faɗo, ya biyo mu."

"Ka ce ba ka waiwaya ba."

"Ke kika ce. Ta tsagar ƙyauren nake kallo. Shi ne bai gan ni ba."

Nabra ta ce a hankali, "In sa wannan?"

"A'a. Tun da kare ke magana, abin da bai gani ba kada ki sa masa a baki."

Ya yi 'yar dariya, ya zaro dabino daga aljihun jallabiyarsa ya danƙa mata.

"Kin ci, mummuna. Sunansa Kurkum. Ki faɗe shi da ƙarfi gobe, kunnena ya yi nauyi."