Ƙararrawar Bayan Azahar

"...lafiya lau, sai kewar amaryata da ta gudu jami'a ta bar ni da gwauranci," in ji Kaka, bai ko ɗago daga rigar da yake ninkewa ba.

"Wa zai zauna da ango mai haƙori huɗu?"

"Biyar ne. Ƙirga da kyau, ke da aka ce kin yi boko."

Jikar ta ajiye jakarta a kan teburin kantin, ta waiwaya bakin ƙofa. Wata biyu da suka wuce, da sata ta ishi kantin tufafin, ita ta zaɓo masa na'urar: sanduna biyu farare, ɗaya dama ɗaya hagu, da 'yan maɓallan roba da ake maƙala wa kaya. In aka fita da riga ba a cire mata maɓalli ba, ƙararrawa ta tashi. Kaka ya raɗa wa maɓallan suna kaska. Sata ta tsaya cak.

Sai dai mako biyu ke nan ƙararrawar na kaɗawa ita kaɗai bayan azahar, ba mai shiga ba mai fita, daidai lokacin da marigayiya matarsa, Inna, kan kawo masa abinci. Maƙwabta sun ji shi yana yi wa ƙofa sannu da zuwa. Babanta ya riga ya yanke magana: in yau ba a gano dalili ba, za a rufe kantin, tsoho ya koma gida ya zauna.

Ta durƙusa tana bin waya da yatsa.

"Ka taɓa wayar nan?"

"Ni da ko rediyo sai na lallashe ta take magana?"

"Ka jiƙa ta wajen goge ƙasa?"

"Da ina da matar kirki ai ita za ta goge. Kare na ce ki sayo mini, kika sayo mini boka. Yana ganin abin da ke ba kya gani."

"Kare zai cinye ɗan cefanen da ba ka yi."

Wayar lafiya, soket lafiya, ɗan koren hasken sandunan na ci. Ta ɗauki kaska ɗaya ta ratsa tsakani, ƙararrawa ta kaɗa. Ta ratsa hannu wofi, shiru.

Da Kaka ya dawo daga salla, ya kunna fanka mai juya kai, ya jawo kujera ya fuskanci ƙofa, ya gyara zaman hularsa. Rana ta kori kowa daga titi. Gumakan talla guda uku marasa kai suna tsaye jikin gilashi cikin dogayen riguna. Ba ta taɓa lura cewa dukansu ƙofar suke fuskanta ba.

Ƙararrawa ta kaɗa.

Ba kowa a bakin ƙofa, ko inuwa.

"Sannu da zuwa," in ji Kaka, da wata murya da ba ta san shi da ita ba.

Ƙararrawar ta sake kaɗawa. Jikar ta riƙe gefen teburin, tana jin kamar wani ya wuce ta gabanta da sanyi. Da sanyin ya dawo karo na uku ne ta gane iskar fanka ce, kuma duk sa'ad da fankar ta juya wajen ƙofa ƙarar ke tashi. Ta taka a hankali, ta leƙa bayan murfin ƙofar da ke jingine da bango.

Mayafi ne ruwan toka rataye a ƙusa. Ta san shi, har ƙamshinsa. Iska ta ɗaga gefensa ya shafi sanda, kuma a gefen ga kaska maƙale.

"Kaka, mayafin Inna ka sa wa kaska?"

"Ke kika ce a fara da abin da ya fi tsada."

"Kayan sayarwa na ce."

"Ba ki faɗa ba. Ranar da gwaggwanninki suka zo rabon kayanta na ɓoyo shi. Wannan dangin naku, ɓarawon titi ya fi su kunya."

"Ka san shi ke kaɗawa?"

Ya kalli fankar.

"Tun kwana na biyu. Tsufa na yi, ba wauta ba. Shekara arba'in da ɗaya ana shigo mini a wannan lokacin, amarya. Ke kuwa sai an aiko ki bincike."

Ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Baba ya sayi kwaɗon rufe kantin, angon banza. Ko dai in cire kaskar nan in gaya masa fanka ce, ko gobe ka wuni a tsakar gida kana gardama da kaji."

"Kajin ma sun fi ubanki jin magana."

"In cire?"

Ya turo mata maganaɗisun cire kaska a kan teburin. Ta ɗora, kaskar ta ɓalle. Fanka ta juya wajen ƙofa sau biyu, ba abin da ya kaɗa. Ta kira babanta a gabansa ta yi bayani, ta ji ajiyar zuciyarsa ta cikin waya.

"Kin ci," in ji Kaka. "Ɗauki mayafin. In ya kwana nan zan mayar masa da kaskar. Amma ba zai yi miki kyau kamar ita ba."

Ta yafa shi, ta ɗauki jaka. Tana sa ƙafa tsakanin sandunan ƙararrawa ta kaɗa a kanta. Ta daskare, ta kasa waiwaye.

A bayanta dariya ta ƙwace wa tsohon har da tari.

"Biyu na sa masa. Duba ɗaya gefen." Ya share ido da bayan hannu. "A'a, bar ta nan. Gobe in kin shigo, in ji."