Yadda Ake Sauya Sunan Suruki A Wasiƙa Ɗari Huɗu

Kai da kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ya ƙi sauya maka kalma, share hawayenka. Matakan nan ba sa kuskure. Da su Dogo ya yi aiki, mai kula da shafin intanet a kamfanin surukinsa, ranar da aka ce ya tura wa kwastomomi wasiƙar godiya kafin a tashi, ko ya ajiye makullin ofis.

1. Zargi kwamfuta

Aikin bai taka kara ya karya ba. Duk inda aka rubuta SHUGABA, kod ya cire ya sa abin da ke cikin bariyabul, wato ɗan akwatin da ke riƙe da sunan suruki. Wuri biyar ne, na Dogo kuwa na farko kawai yake sauyawa. Kashe kwamfutar ka kunna sau uku. Ba ya gyara komai, amma sakatariya za ta shaida kana fama.

2. Gwada da gajeren suna

Sunan suruki da laƙabobinsa layi biyu ne, wa ke da wannan lokacin? Dogo ya zuba wa akwatin sunan da suke kiransa da shi a gida, shi da matarsa: Baba Mita.

3. Kwafo gyara daga intanet

Kada ka karanta, karatu na ɗalibai ne. Dogo ya liƙa, wuri biyar suka sauya tas, har ya yi wa kansa tafi.

4. Tura nan take

Matsoraci ne ke komawa ya leƙa akwati. Gwani dannawa yake ya tafi shan shayi.

5. Amsa kira

Suruki ya gyara tabarau, ya karanta wasiƙar a bayyane har ƙasa, inda aka sa hannu: naku har kullum, Baba Mita. Dogo ya rantse sharrin kwamfuta ne.

"Kwamfuta ba ta san sunan nan ba," in ji suruki. "Surukarka ce ta raɗa mini, kuma a gaban 'ya ɗaya take faɗa. Ajiye makullin, ka kira mini matarka."

Gargaɗi: babu ruwan marubuci da aikin da ka rasa, balle asirin gidan da ka tona. Dogo yau kwanansa tara yana kwana a falo. In kun haɗu, ban san ka ba.