Rasuwar Katin Zaɓen Yelwa Ungozoma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da tsufa ya rage mini, ni Yelwa, ungozomar Ɗanzomo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar rasuwar katin zaɓena. Ya cika ranar Asabar da ta wuce, ranar zaɓen shugaban ƙasa, da hantsi, a kan teburin malaman zaɓe, bayan jinyar da ta kai mu har Gumel. Ya tafi da ƙuruciyarsa, bai taɓa yin aikin da aka haife shi dominsa ba. Autana Haladu ne yake riƙe da alƙalami, tunda shi ya yi yaƙi da jahilci, amma maganar tawa ce. Wanda ta yi wa zafi ya neme ni. Kowa a garin nan ya san ɗakina, in ban da mutum ɗaya da za mu zo kansa.

An haifi marigayin bara da rani, a gindin tsamiyar ƙofar gidan dagaci, bayan mai shela ya zagaya ya ce soja za su sauka daga mulki, kuma wannan karon har mata za su dangwala. Zaɓen da aka yi a da, rabona a ciki shi ne in dama wa maza fura su sha su tafi. Don haka na riga kowa zuwa layi. Aka tambaye ni shekaruna, na ce ina da wayo lokacin yunwar Kakalaba, mai rubutu ya rubuta abin da ya ga dama, ya miƙo mini jaririna.

Marigayin fari ne, ɗan siriri, mai kunya. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya kai tsegumi gidan kowa. Shi ne takarda ta farko a duniya da ta ɗauki sunana. Rabin mutanen garin nan a hannuna suka faɗo, amma ko a jikin bango ba a taɓa rubuta ni ba. Ban iya karanta abin da ke jikinsa ba, amma na san ni ce a wurin, kuma na so shi.

Masu rajista sun ce a adana shi da kyau. Ba su faɗi a ina ba, domin su masu akwatin ƙarfe ne da kwado, ba su san ɗakin ciyawa yana yoyo ba. Maƙwabciyata Sabuwa ta soke nata a rumbu, gara ta yi buki da shi. Ni kuwa takarda ɗaya na sani da ta kai tsufana ba ta lalace ba, ita ce layar da kakata ta rataya mini. Sai na bi masu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, na kai shi wurin Barau baduku. Ya ninke shi, ya naɗe da zare, ya rufe da jar fatar akuya, ya bi da basilla ya ɗinke tsaf. Har gobe ban ga laifin Barau ba, ban kuma ga nawa ba. Abin da mutum yake ji da shi a wuya yake rataya shi.

Tun daga ranar muke tare, kwana da tashi. Bai cika surutu ba. Iyakar maganarsa in ina sauri zuwa gidan mai naƙuda, ya riƙa bugun tsakiyar wuyana, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Yanzu in na yi sauri sai in ji shiru.

Ciwon ajali ya bayyana a Asabar ta farko cikin Asabar biyar da aka jera domin zaɓe. Wanda aka ɗora a kan teburin garinmu shi ne Malam Ilu na firamare. Ga wanda bai san shi ba, ni na karɓi haihuwarsa. Da baya ya zo duniya, ya kusa tafiya da uwarsa, ya kuma faɗo ba numfashi, sai da na yayyafa masa ruwan sanyi na buga masa kwano a kunne sannan ya tsanyara kuka. Ranar Juma'a da yamma har ƙasa ya durƙusa ya ce, "Inna, barka da yini." Da gari ya waye aka ba shi tebur da biro, sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ina katinki?"

Na ciro laya na ajiye masa. 'Yan bokon da ke gefensa suka kwashe da dariya, irin dariyar wanda bai taɓa rasa wurin ajiya ba. Na zaro askar da nake yanke cibi da ita, na farke ɗinkin da hannuna. A nan na ga halin da marigayin yake ciki. Zufar bazara ta shige shi, tawada ta narke, basilla ta huda lambarsa. Da na warware shi sai ya yi ɗan kuka, ƙiii, ya rabu biyu.

Malam Ilu ya buɗe littafinsu, ya ɗora yatsa a kan sunana, Haladu yana gani. Sannan ya ce, "Yelwa nawa ce a ƙasar Gumel? Ba ni da shaidar ke ce wannan."

Layi ya kaure. Wani tsoho ya ce, "Haba Ilu, Inna Yelwa ce fa!" Ya gyara hula ya ce, "Baba, doka ba ta san kowa ba." Ai kuwa gaskiya ya faɗa, tunda ga shi ta shiga jikinsa har ta mantar da shi.

Daga nan muka shiga neman magani. Damina ta yi tsakiya, ciyawa tana cin geron Haladu, ya ajiye fartanya ya ɗora ni a jaki zuwa Sule Tankarkar. Can suka juya marigayin gaba da baya suka ce wannan ciwo ya fi ƙarfinsu, sai Gumel. Na sayar da kazata mai ƙwai muka hau mota. A Gumel muka sami wani mai tabarau yana cin gyaɗa a kan takardun mutane. Ya ce in kawo takardar haraji. Na ce yaushe mace ta fara biyan haraji? Ya ce ta mijina. Na ce mijina yana kabari, takardunsa suna cikin gara. Ya ce to takardar haihuwa. Nan dariya ta ƙwace mini, na ce, "Ɗan nan, ai ni ce takardar haihuwar Ɗanzomo." Bai yi dariya ba. Ya ce ta yaya zai san ba daga Damagaram na tsallako ba? In je in ɗau hoto, in je kotu in yi rantsuwa cewa ni ce ni, in dawo wani mako. Na ɗau hoton, na yi rantsuwar. Da muka dawo sai muka tarar da kwado a ƙofa, aka ce malam ya tafi kai kayan zaɓe.

Wanda ya tsara wannan hanya, ko waye shi, bai taɓa hawa jaki da gwiwa mai ciwo ba. Ya zauna a ƙarƙashin fanka ya auna talaka da mudun gidansu. Ba su ce tsofaffi kada su yi zaɓe ba, kunya ba za ta bar su ba. Sun dai ajiye tuwon a kan rufin ɗaki, suka ce kowa bismilla.

Asabar ta ƙarshe na haɗa marigayin da ƙaro, na lallaɓa shi a tafin hannu, na koma layi. Muna tsaye wani attajiri ya iso da mota, katunan gidansa duka a cikin jaka ɗaya, aka yi ta karɓa ana barka da zuwa, ba wanda aka ɗaga kai aka duba. Da layi ya zo kaina, Malam Ilu ya ɗauki marigayin da yatsu biyu kamar mai ɗaga mushen ɓera. Ƙaro ya saki, ya zube a kan tebur. Ko kuka bai yi ba wannan karon. Malam Ilu ya ce, "Na baya ya matso."

Na matsa gefe na yi hawaye a gaban yaran da na yi wa wankan farko, ba na kuma jin kunyar faɗa. Ba sarauta na je nema ba. Mata sun sha cikawa a hannuna a kan amalanke, kafin a kai Gumel, kuma cikin masu neman mulki akwai wanda ya ce zai gina ɗakin haihuwa a ƙauyuka. Ko gaskiya yake ko ƙarya, so na yi in ɗora yatsana sau ɗaya a kan wannan magana. An ce in yi haƙuri, za a sake bayan shekara huɗu. Wanda ya faɗa bai ga yadda nake tashi daga tabarma ba.

Marigayin ya bar jar fata ɗaya da igiyar wuya. Ya bar hoton wata tsohuwa mai zare ido, wanda har yau ba a tambaya ba. Ya bar sunana a littafin da ba ya gane mai shi, da babban yatsana na dama, wanda zai koma ga Allah bai taɓa tawada ba. Ya bar kuma 'yan uwa da yawa a cikin rumbuna da ƙasan tabarmi, duk a kan gargara.

Game da jana'iza, liman ya ce takarda ba ta da salla, ba ta da hisabi, hisabi yana kan masu riƙe da ita. Ba za a yi masa wanka ba, tunda laima ce ta kashe shi. Fatarsa ce likkafaninsa. Za a binne shi gobe bayan la'asar a bayan ɗakin mahaifiyar Malam Ilu, gindin lallen da na binne mabiyiyar Ilu ranar da aka haife shi, kuma ita da bakinta ta ce in zo. Ban rubuta wurin a littafi ba, amma ba zan ɓata ba. Za a zauna makoki a ƙofar ɗakina, ba a tambayar kowa kati. Sabuwa da ire-irenta su taho da abin da gara ta rage musu, rami ɗaya ya ishe mu.

Ba za a yi sadakar uku ba, domin cikin Rabi'atu, matar Malam Ilu, ya sauka, yau ko gobe ne, kuma har yanzu garin nan ba shi da ɗakin haihuwa sai hannuna. Malam Ilu, in ka zo kirana, zan ɗauki askata in bi ka, ba sai ka zo da wata shaida ba. Na san ka sarai. Ni na fara ganinka a duniya, kuma ko a ranar ba fuskarka ka fara nuna mini ba.